Orest da Injin da Ya Ƙi Juyawa

Ranar da aka binne Orest Danylchuk, matarsa Nadia ta ce in tashi in faɗi wani abu a zauren coci bayan an ci abinci. Na tashi, na dafa bayan kujera, na buɗe baki. Abin da ya fito kawai shi ne, "Abokina ne." Na koma na zauna. Wata uku ke nan, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, don mutumin ya wuce kalma biyu. Ni ban yi karatu mai nisa ba. A aji goma na bar makaranta na kama aikin kwano, ina lanƙwasa bututun iska ina ɗaura su a rufin gine-gine. Wanda ya karanta wannan ya yi haƙuri da yadda ya zo.

An haifi Orest a wata gona kusa da garin Dauphin a Kanada, shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida. Mahaifinsa ya so ya riƙe gonar, amma ƙurar alkama ba ta barin ƙirjinsa lafiya. Yana da shekara sha tara ya hau bas zuwa Winnipeg da jaka ɗaya da tulun gurjin da uwarsa ta jiƙa. Ya samu wurin koyon zanen gini, a lokacin da ake yi da fensir a kan babban allo. Shekara hamsin ya yi yana zana hanyoyin iska da na ruwan zafi a gine-ginen da wasu za su shiga su ji ɗumi, ba su taɓa jin sunansa ba.

Sau biyu aikin ya sauya masa a hannu. Da farko aka ƙwace fensir aka ba su kwamfuta. Daga baya aka kawo manhajar da ba a jan layi a cikinta, ana gina ginin ne gaba ɗaya, bango da ƙofa da famfo da bututu, kowane abu ya san ko shi mene ne, ya san abin da yake jingine da shi. Duk lokacin da aka yi irin wannan sauyi sai tsararrakinsa su tattara kayansu su tafi. Shi ya zauna ya koya. Gajere ne, mai manyan kunnuwa, kullum cikin rigar sanyi ruwan toka wadda Nadia ta yi wa faci a gwiwar hannu. Yana rera waƙa a coci da wata murya mai kauri da ba za ka ce daga wannan ƙaramin jiki take fita ba. Kuma da kwamfuta yake magana kamar da dattijuwa. Ban taɓa jin ya zage ta ba.

Na daɗe ina zaginsa kafin in san fuskarsa. A ƙasan kowane zanen da ake ba mu a wurin gini akwai haruffan sunansa, kuma duk bututun da ya ƙi shiga, shi muke tsine wa. Wata rana zanensa ya bi da wani babban bututu ta tsakiyar ƙarfen da ke riƙe da rufi. Na shiga mota da takalman aikina na je ofis.

"Wane ne mai wannan zanen?" na ce, na wurga takardar a kan tebur.

"Ga ni," in ji wani ɗan mutum daga kusurwa. "Kai ne Merle Fontaine? An ce mini kana da murya."

"Ka taɓa ganin bututu ya ratsa ƙarfe?"

"Ban taɓa ba. Gobe ƙarfe nawa kuke farawa?"

Kashegari ƙarfe bakwai na safe, sanyi ya kai talatin ƙasa da sifili, sai ga shi da takalman ofis yana hawa tsani a bayana. Ya duba, ya auna, ya ce, "Ka yi gaskiya. Nuna mini yadda kai za ka bi da shi." Tunda nake aiki babu wani mai zane da ya taɓa tambayata haka. Daga ranar muka ƙulla. Shekara ashirin da biyu muna zuwa kamun kifi a kan ƙanƙarar kogi, ni ina surutu, shi yana gyaɗa kai yana kama duk kifin.

Ina da shekara hamsin da huɗu tsani ya zame da ni. Kafaɗar dama ta tafi. Bayan tiyata biyu a asibiti, likita ya ce ba zan sake ɗaga hannu sama da ƙirji ba. Mai aikin kwano kuwa rayuwarsa duka a saman kansa take. Na zauna a gida wata biyar ina kallon bango, har matata ta fara jin tsoron shirun da nake yi.

Orest ne ya je wurin Colleen Friesen, mai kamfanin da muke aiki, wadda ta gaje shi daga mahaifinta. Mace ce mai gaskiya, amma ba ta san rarrashi ba. Ta kira ni ta ce, "Merle, Orest ya nace. Zan ba ka wata uku a ɗakin zane. In ka iya, kujerar taka ce. In ba ka iya ba, ba ni da wani wurin da zan sa ka, kuma ba zan yi maka ƙarya ba."

Haka na zauna kusa da Orest, da yatsu irin na wanda ya yi shekara talatin da wani abu yana riƙe almakashin ƙarfe.

"Sassauta mana, tsoho," yake ce mini. "Linzamin kwamfuta ne, ba guduma ba. Bai yi maka laifin komai ba."

"Wa kake ce wa tsoho? Ka girme ni da shekara tara."

"A nan ɗakin kai ne jariri, amma jariri mai furfura."

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne juya abu. A wurin gini in kana son abu ya kalli gabas, kama shi kake yi ka murɗa, in ya yi nauyi ka kira mutum biyu. A cikin manhajar kuwa sai abu ya kafe ya ce ba zai juya ba. Orest ya koya mini cewa ba taurin kai ba ne, dalili ne. Wani abu an kafa masa ƙusa don kada a motsa shi bisa kuskure. Wani an ɗaure gefensa da bango da ɗan kwaɗo, don in bangon ya matsa shi ma ya bi shi. Wani kuma tun asali a jikin rufi ko bango aka halicce shi, kamar fitila, ba zai juya ba sai yadda mai masaukinsa ya yarda.

"In ya ƙi, kada ka yi kokawa da shi," yake cewa. "Ka tambaye shi wa ke riƙe da shi."

Ina jinsa, amma kunne ɗaya. Ni dai ina ƙirga makonni.

Aikin da muke yi a lokacin gidan kula da tsofaffi ne a wani ƙaramin gari a arewa, mai gado sittin. An ba ni ɗakin injuna. A ciki akwai babban injin iska, dogo kamar motar ɗaukar kaya, kwance a jikin bangon gabas. Ta wani kai yake shaƙar iskar waje, ta ɗaya kan yake hura ta cikin gida. A gefensa ɗaya akwai ƙofofi huɗu, ta nan ake canza matatar iska ake gyara shi. Ƙofofin suna kallon cikin ɗaki, yadda ya kamata.

A makona na ƙarshe, ranar Laraba, injiniya ya aiko cewa an mayar da tagar shan iska daga bangon arewa zuwa na kudu. Dole a juya injin, kai ya koma wutsiya. Ranar Juma'a kuma za a aika wa masana'anta odar injin. Wata huɗu suke yi suna ƙera shi, sannan motar ƙugiya ta sauke shi cikin ɗakin kafin a rufe rufi. In an rufe, an rufe.

A wannan ranar Orest ba ya nan, ya kai Nadia wurin likitan ido. Na kama injin na ce ya juya. Ya ƙi. Na ga ƙusa, na cire ta, na ji kaina ya yi girma. Na sake juyawa, sai wani saƙo ya fito yana cewa akwai ƙa'idar da ba ta cika ba. Na gwada sau goma. Zufa ta keto mini. Colleen ta wuce sau biyu da kofinta, tana kallon allona ta wutsiyar ido.

Sai na tuna da wani maɓalli da na taɓa gani, mai yin kamar madubi. Na danna. Nan take ga wani injin ya fito, kansa a kudu, wutsiyarsa a arewa, ƙofofinsa suna kallon cikin ɗaki, tsaf. Na goge tsohon, na haɗa bututun, na fitar da zane, na aika wa injiniya kafin a tashi. Na koma gida ina fito. Na ce wa matata, "Yau na yi abu ni kaɗai."

Ranar Alhamis da safe na tarar da Orest ya riga ni zuwa, yana zaune gaban kwamfutata, tabarau a kan hanci.

"Ka ga aikin maza?" na ce.

"Na gani. Ya yi kyau ƙwarai. Wa ya juya maka?"

"Ni da kaina."

"Bai yi gardama ba?"

"Ya ɗan yi. Na nuna masa ni ma ɗan gari ne."

Ya sunkuya ya ɗauko akwatin abincinsa, wani tsohon gwangwani baƙi mai maƙalli a gefe ɗaya. Ya ajiye shi a kan tebur, ya jingina bayansa da bango, maƙallin yana kallonmu.

"Ga injinka," ya ce. "Wajen hannun nan ne kai. Maƙallin nan ƙofofi. Juya mini shi, kai ya koma can."

"Orest, ina da aiki."

"Juya mana. Pirogi ne a ciki, ɗan ƙullin fulawa da dankali, ba zai cije ka ba."

Na kama akwatin na juya shi, kai ya koma wutsiya. Maƙallin ya koma yana kallon bango.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon gwangwanin nan ba. Ba sai an yi mini bayani ba, na yi shekaru ina shiga irin waɗannan ɗakuna. Injin da ke rubuce a takardar oda mai ƙofa a dama ne. Madubi ya nuna mini wani injin dabam, mai ƙofa a hagu, amma lambar da ke jikinsa ba ta canza ba. Masana'anta za ta ƙera na dama. A kawo shi, a sauke, a juya kansa kudu, ƙofofi huɗu su manne da bangon siminti, tazarar da ko hannu ba zai shiga ba. Sannan a rufe rufi. Tsofaffi sittin a ciki, da injin da ba mai iya canza masa matata.

Na zauna.

"Zanen ya riga ya tafi," na ce.

"Ya tafi."

Na rage murya. "Orest, don Allah. Minti biyar zai ɗauke ka. Ka gyara, ka sake aikawa, ka ce an sabunta ne. Kullum ana sabunta zane. Gobe wata ukuna ke cika."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Na san shi, na san abin yana yi masa ciwo.

"Merle, da motarka ce ta mutu a hanya, ko a ina kake zan zo. Wannan kuwa ba zan taɓa ba. In na gyara, za ka samu kujera, amma duk ranar da Colleen ta wuce bayanka sai gabanka ya faɗi. Kuma ran da ba na nan za ka sake danna madubin nan."

"To ka ce in tattara kayana kawai."

"Ban ce ba. Matso da kujerarka. Wa ke riƙe da shi?"

Muka dawo da injin na asali daga ajiyar shekaranjiya. Ya harɗe hannuwa a ƙirji, bai taɓa linzamin ba ko sau ɗaya. Na duba ƙusa, babu. Na duba ko a jikin bango aka halicce shi, a'a, a ƙasa yake zaune. Ya nuna mini da haɓa wani maɓalli da ke tona duk abin da aka ɗaure a ɓoye. Na danna, sai ga ɗan kwaɗo ja tsakanin bayan injin da bangon gabas.

"Wane mara aikin yi ne ya sa wannan?" na ce.

"Ni ne, tun watan jiya. Bangon yana ta yawo a lokacin. Ka gama zagina?"

Na buɗe kwaɗon, na raba injin da bututunsa, na ce ya juya. Ya juya salin alin, kamar ba shi ne ya sa ni zufa jiya ba. Ga ƙofofi a jikin bango, ƙiri-ƙiri.

"Yanzu manhajar ta gama nata," in ji Orest. "Ta nuna maka gaskiya. Abin da ya rage ba ta san shi ba, ni ma ban san shi kamar kai ba. Da kai ne za ka riƙa gyara injin nan shekara ashirin, me kake so?"

Nan na ji ƙasa ta dawo ƙarƙashin ƙafata. Na ce a yi odar mai ƙofa a hagu, wannan kowa zai gani. Amma akwai wani abu. A cikin irin wannan injin akwai curin bututun ruwan zafi, kamar lagireton mota, wanda in ya fashe sai an zaro shi gaba ɗaya ta gefen ƙofa, kuma tsawonsa faɗin injin ne. Na taɓa yin kwana biyu a wata makaranta muna yanka irinsa gunduwa-gunduwa don ginshiƙi ya tare hanya. Na duba, ga ginshiƙi tsaye daidai inda za a zaro shi. Na auna. In an matsar da injin ƙafa biyu arewa, zai fita.

"Haka ne?" in ji Orest. Ya matso da fuskarsa jikin allo. "Kai, haka ne fa. Ni da injiniya duk mun wuce ta kansa."

"To kai za ka gaya mata?"

"Ni? Ina da pirogi da zan ɗumama. Ƙofarta a buɗe take."

Tafiyar ba ta fi taku ashirin ba, amma ban taɓa hawa tsanin da ya kai ta tsawo ba. Na tsaya gaban teburin Colleen na faɗa mata komai. Ban ce manhaja ce ta ruɗe ni ba. Na ce ya ƙi juyawa, ban nemi dalili ba, na yi dabara, kuma na aika ban nuna wa kowa ba.

Ta ajiye biro. "Ka san abin da zai faru da an ƙera shi haka?"

"Na sani. Na fi kowa sani."

"Orest ne ya gano?"

"Shi ne. Da akwatin abincinsa."

"Shi ya turo ka?"

"Na roƙe shi ya rufa mini asiri, ya ƙi."

Sannan na shimfiɗa mata zanen na nuna mata ginshiƙin. Ta kira injiniya a gabana, ta sa wayar a fili, ta ce, "Ga Merle, zai gaya maka abu biyu. Na farko laifinmu ne, na biyu naka." Muna jin injiniyan yana kaɗa takardu, can ya ce a matsar da shi, zai canza odar kafin azahar.

Da ta ajiye wayar ta ce, "Kada ka sake aika komai daga ofishin nan ba tare da ido na biyu ya gani ba. Ko kai, ko Orest, ko ni."

"Na ji."

"Akwai ɗakunan injuna uku a aikin asibitin dabbobi da biyu a na makaranta. Ina so ka shiga kowanne ka duba mini duk abin da mai gyara ba zai iya kaiwa gare shi ba. Zai ɗauke ka wata biyu."

"Colleen, gobe wata ukuna ke cika."

"Na iya ƙirga, Merle. Rufe mini ƙofa in ka fita."

Na fito na tarar da Orest yana cin abinci a kan zanena. Bai ɗago ba. Ya turo mini murfin gwangwanin da pirogi uku a kai da ɗan kirim mai tsami.

"Ba ta kashe ka ba?"

"Ta ba ni aikin wata biyu."

"Kash. Ni da na sa rai zan samu wurin miƙe ƙafa."

Na juya baya na yi kamar ina neman cokali, don kada ya ga idona. Ya gani. Ya ci gaba da tauna.

Shekara shida muka yi kafaɗa da kafaɗa a ɗakin nan kafin ya yi ritaya, kuma har yau ina kan kujerar. Ya samu shekara biyu da rabi yana noman gurji da tafarnuwa a bayan gida, yana kai jikokinsa wasan hoki na kan ƙanƙara, kafin ciwon hanta ya kwantar da shi. Bai daɗe ba, mako bakwai. Ina zuwa kullum bayan aiki. Wata rana na yi ƙoƙarin yi masa godiya yadda ya kamata, na fara kame-kame, sai ya ɗaga hannu ya ce in bari, in gyara masa matashi, wai nas ɗin ta sa shi a karkace. Na gyara da hannun hagu. Ya riƙe wuyan hannuna ya daɗe bai saki ba.

Na san mutane da yawa da za su yi maka ƙarya don suna ƙaunarka, ni ma ina cikinsu. Orest ya ga ina roƙonsa, ya san kwana ɗaya ya rage mini, ya san shi ne ya tsaya mini a gaban Colleen kuma in na faɗi da sunansa zan faɗi, amma ya harɗe hannuwa ya bar ni na gyara da kaina. Da wannan nake ciyar da iyalina har yau. Ban koma kallon bango ba. Matata ta ce in rubuta cewa ita ma ta gode.

Allah ya ji ƙanka, Orest. Ina kewarka ƙwarai.